Ikilisiyar Katolika ta Malumfashi: su wa ke riƙe da coci idan babu Fada?

A daren Alhamis 20 ga Mayun 2021, mako guda bayan ƙaramar salla, 'yan bindiga suka kutsa harabar cocin Katolika na Waliyyi Vincent Ferrer da ke Malumfashi a Jihar Katsina. Suka yi harbe-harbe, suka jikkata mutane, suka yi awon gaba da limamai biyu. Da gari ya waye sai aka tsinci gawar Fada Alphonsus Bello a cikin wata gona, bayan makarantar horar da katikis, wato malaman da ke koyar da addini ba tare da sun zama limamai ba. Matashi ne, shekarunsa ba su wuce talatin da 'yan kai ba, kuma asalinsa limamin ƙasar Kaduna ne da aka ba Dayosis na Sakkwato (wato yankin da bishop ɗin Sakkwato ke kula da shi) aronsa. Ɗayan kuwa, Fada Joseph Keke, dattijo mai shekara saba'in da ɗoriya, sai da ya yi kusan mako biyu a hannunsu kafin ya kuɓuta. Lahadin da ta biyo bayan harin, 23 ga wata, ita ce ranar Fentikos, ɗaya daga cikin manyan ranakun shekara a wurin Kirista, kuma ta riski ikilisiyar da gawar limaminta a kwance, tsohon limaminta kuma a daji.

Jaridu sun ba da labarin, sun yi kwana biyu a kansa, sun wuce. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne abin da ba su tambaya ba. A Cocin Katolika limami ba ado ba ne: in babu shi babu Mas, wato babbar ibadar da ake tsarkake gurasa da ruwan inabi a cikinta, babu furta zunubi, babu shafe majinyaci da mai. To yaya jama'a irin wannan ke ci gaba da ibada da zaman tare a wurin da limami ke da wuyar samu tun asali, ga shi kuma yanzu ya zama abin farauta? Amsar da na gano ita ce, tun da daɗewa nauyin wannan ikilisiya ba a kan Fada kaɗai yake ba. A wuyan katikis na ƙauye da matan zumunta yake, kuma ina ganin ba a ba su haƙƙinsu yadda ya kamata.

Asalin jama'ar

Malumfashi gari ne na Galadiman Katsina, a kudancin jihar, ƙasar dawa da masara da auduga. Mafi yawan mutanenta Musulmi ne. Amma a karkarar da ke kewaye da ita, musamman wajen Ƙafur da sauran ƙauyukan da suka dangana da iyakar Kano da Kaduna, akwai Hausawan da kakanninsu ba su musulunta ba, waɗanda aka fi sani da Maguzawa. Zamansu ba irin na cikin gari ba ne. Gida ne babba a tsakiyar gonaki, kaka da 'ya'yansa da jikokinsa da matansu, kuma sunan wanda ya kafa gidan shi ne sunan wurin: Gidan wane, Unguwar wane. Matansu na noma, suna da 'yan gonakinsu na kansu, suna cin kasuwa. A kula da wannan, domin shi ne ƙashin bayan duk abin da zai biyo baya. A kuma sani cewa da yawa daga cikin jikokinsu da suka zama Kirista ba sa son a kira su Maguzawa, don a kunnensu kalmar tana nufin mai tsafi. Su Hausawa ne, Kirista, haka suke kiran kansu, haka ni ma zan kira su.

Cocin Katolika ya iso wannan yanki a makare. A 1953 aka yanke ƙasar Sakkwato da Katsina aka danƙa ta ga limaman ɗariƙar Dominikan da suka zo daga Amurka, suka kafa sansani a Gusau, kuma a 1964 ta zama cikakken dayosis a ƙarƙashin Bishop Edward Lawton. Har yau sawunsu na nan a sunayen majami'u: Vincent Ferrer mai wa'azi ne ɗan Dominikan daga ƙasar Sifen, Martin de Porres kuma, wanda babban cocin Katsina ke ɗauke da sunansa, ɗan ɗariƙar ne daga ƙasar Peru. Da farko yawancin masu zuwa coci baƙi ne, ma'aikatan jirgin ƙasa da 'yan kasuwa da akawuna daga kudu. Sai rikicin 1966 ya zo, mutanen gabas suka gudu gida, majami'un birane suka kusa zama kufai. Wannan masifa ce ta tilasta wa mishan ɗin ya dubi mutanen ƙasa da idon gaske.

Wani abu kuma ya faru a Roma a daidai lokacin. Babban taron Vatikan na biyu, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965, ya buɗe ƙofar yin ibada da harshen jama'a a maimakon Latin. Ga manomin da bai taɓa shiga aji ba, wannan shi ne bambanci tsakanin kallo da shiga. Littafi Mai Tsarki yana nan da Hausa tun 1932, amma yanzu addu'o'in Mas kansu sun dawo Hausa. Tsohuwa za ta iya cewa "A gaishe ki Maryamu, cike da alheri" ta san abin da take faɗa, ta kuma koya wa jikarta a bakin murhu. A ganina, da ba don wannan ba da ikilisiyar Malumfashi ta tsaya a matsayin cocin baƙi.

Lahadi iri biyu

Wanda ya ce "ikilisiyar Malumfashi" yana tunanin gini guda a cikin gari ya yi kuskure. Ikilisiya a irin wannan wuri uwa ce da rassa: babban coci inda Fada yake zaune, da ƙananan majami'u a warwatse cikin ƙauyuka, wasu na bulo da kwano, wasu na laka. Don haka Lahadi iri biyu ce.

A cikin gari akwai Mas sosai. Jama'ar gauraye ce: Hausawa, mutanen kudancin Kaduna da Filato da Binuwai da aiki ya kawo su, Ibo masu shaguna. Ana amfani da Turanci ana amfani da Hausa, kuma Hausar ce ke haɗa kowa idan an fito waje ana gaisawa.

A reshe kuwa, Lahadin da Fada ya zo ita ce baƙuwa. Limami ɗaya ko biyu ba za su iya zaga dukkan rassa a rana guda ba, ga hanyoyin da damina ke yankewa. Saboda haka yawancin Lahadi katikis ne ke tsayawa a gaba. Ana buga ƙarfe, sau da yawa tsohon kaskon mota ne da aka rataye a bishiya, mutane su fito daga gidaje ta hanyoyin gona. Maza a gefe guda, mata a gefe guda, yara a gaba a kan tabarma. A fara da sunan Uba da na Ɗa da na Ruhu Mai Tsarki, a roƙi gafara, a karanta karatun ranar, waɗanda su ne dai ake karantawa a Roma da ko'ina a duniya a wannan Lahadin. Katikis ya yi bayani, a faɗi shahadar bangaskiya, a yi addu'o'in jama'a, a ba da baiko, a yi "Ubanmu wanda ke cikin sama". Abin da ba ya yi shi ne tsarkake gurasa da ruwan inabi, domin wannan na limami ne kaɗai. Dokar coci ta san da irin wannan taro, ta kuma ƙarfafa a yi shi inda babu halin yin Mas.

Addu'o'in jama'a su ne inda za ka ji rayuwar ƙauyen tsirara. Ruwan sama ya yi jinkiri. Taki ya yi tsada. Matar wane na kan gwiwa. Ɗan wane yana hannun mutanen daji. Babu wanda ya rubuto waɗannan a takarda. Kowa na faɗin abin da ya kwana da shi. Bayan an tashi kuma ba a watsewa. Sanarwa ta kan ɗauki lokaci kamar wa'azi: ranar da za a yi gayya a gonar coci, wa zai je gaisuwar rasuwa a madadin jama'a, wace mai jego ce za a kai wa itace da ruwa.

Ranar da Fada ya iso reshe, komai na taruwa a kansa. Tun da sassafe ana layin furta zunubi a gindin bishiya, sai Mas, sai baftismar jarirai da aka tara tun watanni, wani lokaci har da ɗaurin aure, sannan a kai shi gidajen tsofaffi da marasa lafiya da Jibin Ubangiji, wato gurasar da aka tsarkake. Kafin ya hau babur ya koma an cika masa buhu da abin da aka samu. Amma duk wanda ya yi masa baftisma ko ya ɗaura wa aure a ranar, wani ne ya shirya shi, ya koyar da shi, ya tabbatar ya cancanta. Fada yana girbe abin da katikis ya shuka.

Malam katikis

Ba banza ba aka kafa makarantar horar da katikis a Malumfashi, wadda ke ɗauke da sunan Waliyyi Joseph Mukasa, ɗan Uganda da aka kashe saboda bangaskiyarsa a 1885. Shi ma ba limami ba ne, bawan fadar sarki ne mai koya wa samari addini. Turawan mishan sun gane da wuri cewa baƙo, ko Hausarsa ta kai ta kawo, ba zai iya zama a Gidan wane ya san wa ke gaba da wa ba. Ana bukatar ɗan gida.

Katikis manomi ne kamar kowa, da matarsa da 'ya'yansa, da gonarsa da bashinsa. Ana kiransa Malam, in ya manyanta a ce Baba katikis. Aikinsa a takarda shi ne koyar da katikisma, wato tushen koyarwar addini, da jagorantar sujada, amma a zahiri ya wuce haka nesa. Shi ake tasa da tsakar dare idan numfashin tsoho ya fara sama, ya je ya yi addu'a, in ta kama ya yi baftismar gaggawa. Shi ke binne mamaci, don a ƙasar zafi ba a jiran Fada kwana uku. Shi ke zama tsakanin miji da mata idan ta yi yaji. Shi ke rubuta sunayen waɗanda aka haifa da waɗanda suka rasu. A ƙauyuka da yawa shi ne mutum na farko da ya koya wa manya karatun boko da Hausa, a ajin yamma bayan an taso daga gona, kuma 'ya'yan waɗancan ɗalibai su ne malaman makaranta da ma'aikatan jinya na yau. Idan mai unguwa ko dagaci na neman wanda zai yi magana da yawun Kiristan wurin, gidansa ake aikawa.

Mafi nauyin aikinsa, wanda ba a cika magana a kai ba, shi ne batun aure. Magidanci mai mata biyu ko uku ya ji wa'azi, zuciyarsa ta karɓa, yana son baftisma. Dokar Katolika ta ce mace ɗaya zai riƙe a matsayin matar aure. In zama da uwargida zai yi masa wuya yana iya zaɓar wata daga cikinsu, amma wajibi ne ya kula da bukatun sauran bisa adalci. A littafi magana ce gajera. A tsakar gida kuwa mace ce da ta yi shekara ashirin tana surfe a wannan turmi, da 'ya'yanta, da gonarta, da ɗakinta. Wa zai dubi idonta ya gaya mata? Sau da yawa maganar ba ta yankewa. Maigidan ya ci gaba da zuwa coci shekara da shekaru, yana ba da baiko, yana zuwa gayya, 'ya'yansa duka sun yi baftisma, shi kuwa yana zaune a benci idan ana karɓar Jibi, har sai tsufa ko mutuwa ta warware abin. Katikis ne ke zama da irin wannan mutum, ya hana shi yanke ƙauna, ya kuma hana jama'a yi masa kallon na baya. Ban san wata makaranta da za ta iya koyar da wannan ba. Hali ne, da sanin mutane.

Haka batun tsoffin al'adu. Mutum ya bar tsafin gida, amma ranar da yaro ya kwanta da ciwon da asibiti ya kasa, dangi za su ce a je wurin boka ko mai bori. Ga burkutu, wanda ya daɗe da zama abin sha a gayya da buki. Katikis mai hikima ba ya hawa mumbari ya kira suna. Zuwa yake gidan da yamma, ya zauna a zaure, a yi hira, ya yi addu'a, ya nemo kuɗin mota zuwa babban asibiti.

Ga abin da ke damuna. Mutumin da ke ɗauke da wannan kaya duka, abin da yake samu a wata bai taka kara ya karya ba, kuma yawanci daga baikon reshen da yake yi wa hidima ake cire shi, wato daga aljihun talakawan da shi ma cikinsu yake. In ya tsufa babu wani tsayayyen tanadi. 'Ya'yansa ne fanshonsa. Kwana goma kacal kafin harin Malumfashi, a ranar 10 ga Mayun 2021, Fafaroma Francis ya sa hannu a kan takardar da ta mai da aikin katikis muƙami tabbatacce a cikin coci, wanda bishop ke naɗa mutum a kansa. Na yi murna da wannan girmamawa. Amma girmamawa ba ta sayen taki, ba ta biyan kuɗin makarantar yaro. Majami'un birane da ke gina dogayen hasumiya da gilashi mai launi suna da abin da za su iya yi a nan, kuma ban ga suna yi yadda ya isa ba.

Matan zumunta

In katikis ne ginshiƙi, Zumuntar Mata ce jinka. Duk wanda ya taɓa shiga coci a Arewa ya san su: atamfa iri ɗaya, ɗankwali iri ɗaya, tulu da caki da ganga, ɗaya ta ba da waƙa sauran su amsa. Wannan amshi na Hausa ne tun na daka da niƙa da na dandali, aka cika shi da labarin Yesu da Maryamu da annabawa. Matar da ba ta iya karatu ba ta san labarin ɗan da ya ɓace da na matar nan a bakin rijiya daga farko har ƙarshe, saboda ta rera su sau ɗari. Wannan ita ce katikisma ta biyu, kuma wataƙila ta fi ta farko shiga jiki.

Amma wanda ya ɗauke su mawaƙa kawai bai san su ba. Suna da uwar zumunta, da ma'aji, da magatakarda, da ranar taro ta mako, da kuɗin wata, da tara ga wadda ta ƙi zuwa ba dalili. Suna yin adashi. Idan mace ta haihu su ne ke zuwa da sabulu da garin kunu. Idan an yi rasuwa su ne ke kwana a gidan, su dafa abincin masu gaisuwa. Idan gwauruwa ta rasa mai yi mata huɗa, su ne za su matsa wa matasa lamba har a yi mata. Idan amarya ta shigo daga wani ƙauye, su ne ke koya mata zaman gidan, in kuma mijin ya fara duka, uwar zumunta ce ta farko da za ta ji, ta kai maganar gaban katikis. An ce zumunta a ƙafa take, kuma waɗannan mata da ƙafar suke yin ta, daga wannan gida zuwa wancan, cikin rana, da goyo a baya.

Na ce a baya a kula da cewa matan wannan karkara manoma ne masu abin hannunsu. Ga inda abin ya yi amfani. Mace mai buhun gyaɗarta ba ta jiran izinin kowa kafin ta ba da gudummawa. Shi ya sa idan ana rufin coci ko sayen benci, kuɗin zumuntar mata ne ke fara fitowa. Maza na da tasu ƙungiyar, matasa ma haka, ga 'yan kwaya, ga masu jan rosari, wato carbin Katolika, amma kowa ya san wadda ba ta fashi. Duk da haka, idan aka zauna majalisar ikilisiya ana yanke shawara a kan kuɗi da gini, muryar maza ce ke rinjaye. Wannan ma abin gyara ne.

Babban taron shekara, bayan Kirsimeti da Ista, shi ne godiyar kaka. Kowane gida na fitowa da rawa, ɗauke da damin dawa, buhun masara, wake, kaji, wani har da akuya, a ajiye gaban bagade. Bayan addu'a a yi gwanjon kayan. Abin da aka tara a ranar shi ke riƙe ikilisiya watanni. Ma'anar wannan a fili take: tattalin cocin da na gona abu ɗaya ne. Shekarar da aka hana manomi zuwa gonarsa, cocin ma ya ji a jikinsa.

Bayan harin

A nan ne matsalar tsaro ta fi yin ɓarna, fiye ma da abin da ake gani a labarai. Harin 2021 bai zo shi kaɗai ba. A Disambar 2020 an kwashe ɗaruruwan ɗalibai daga makarantar sakandare ta Ƙanƙara, maƙwabciyar Malumfashi. A daren 25 ga Mayun 2022, shekara guda bayan kashe Fada Bello, aka shiga gidan limamai na cocin Waliyyi Patrick a Gidan Mai Kambu, cikin ƙaramar hukumar Ƙafur, aka tafi da Fada Stephen Ojapah da Fada Oliver Okpara tare da wasu samari biyu. Sai bayan wata guda suka dawo. Limami a ƙauye ya zama abin kwaɗayin masu neman kuɗin fansa, don suna ganin akwai babbar ƙungiya a bayansa da za ta biya.

Sakamakon wannan a kan ibada kai tsaye ne. Kowace tafiya zuwa reshe ta zama abin lissafi: wace hanya, wane lokaci, wa ya san da zuwan. Ibadun dare, irin na jajibirin Ista da na Kirsimeti, a wurare da dama na Arewa an dawo da su kafin faɗuwar rana. Ƙauyen da aka tasa, majami'arsa ta tashi tare da shi, mutanen su rarrabu cikin dangi a gari. Hatsin da da za a kai godiyar kaka an sayar da shi an haɗa fansa. Duk lokacin da zuwan Fada ya ragu, kayan da ke kan katikis ya ƙaru, kuma shi ba shi da inda zai gudu. Ana iya yi wa limami canjin wurin aiki. Katikis kuwa gonarsa na nan, kabarin ubansa na nan.

Dole in faɗi wani abu a nan dalla-dalla, domin akwai masu son a karkata labarin. Waɗanda suka kashe Fada Bello su ne irin waɗanda suka buɗe wa masallata wuta ana sallar asuba a Unguwar Mantau, cikin wannan ƙaramar hukuma ta Malumfashi, a Agustan 2025, suka kashe gomman mutane. Manomi Musulmi da manomi Kirista gona ɗaya ke raba su, wani lokaci ma kaka ɗaya ne ya haife su. A gida guda za ka sami wa yana zuwa masallaci ƙane yana zuwa coci. Ana aika wa juna abincin salla da na Kirsimeti, ana zuwa gaisuwar mutuwa, ana haɗuwa a gayya. Wannan zumunci na gaske ne, kuma shi ne babban garkuwar ƙananan majami'un nan.

Amma gaskiya ba ta hana wata gaskiya. Hausawa Kirista sun daɗe suna kukan wahalar samun fili da takardar izinin gina coci, da rashin malaman addinin Kirista a makarantun gwamnati, da yadda suna irin Bulus ko Maryamu Yohanna kan jawo tambayoyi idan an je neman takardar zama ɗan ƙasa ko gurbin aiki. Ta ɗaya ɓangaren kuma, ɗan'uwansu Kirista daga kudu yakan buɗe baki da mamaki: "Bahaushe kuma Kirista?" A gida ana ganinsu kamar sun bar Hausanci, a coci ana ganinsu kamar baƙi. Ikilisiyar ƙauye ita ce wuri guda da ba sa bukatar yi wa kowa bayanin kansu.

Ɗan katikis ya zama bishop

A ranar 16 ga Oktoban 2023 Fafaroma Francis ya yanke sabon Dayosis na Katsina daga na Sakkwato, wanda Bishop Matthew Hassan Kukah ke jagoranta tun 2011. Wanda aka naɗa bishop na farko shi ne Gerald Mamman Musa, aka keɓe shi ranar 12 ga Disamba na wannan shekara. Haifaffen ƙasar Malumfashi ne a 1971, ya zama limami a 1996, ya yi karatu mai zurfi a fannin sadarwa, ya koyar a Fatakwal. Shi ne Bahaushe na farko da ya zama bishop a Cocin Katolika. Mahaifinsa kuwa katikis ne, wanda ya shafe shekaru yana wannan aiki.

Shekara saba'in ke nan cif tsakanin yanke ƙasar Sakkwato da Katsina a 1953 da wannan naɗi. Mutanen karkarar Malumfashi da Ƙafur sun ga yaron da ya tashi a irin gidajensu, yana cin irin tuwonsu, ya ɗauki sandar makiyayi. Yanzu ba sai an yi doguwar tafiya zuwa Sakkwato ba kafin a ga bishop, kuma idan ya tsaya wa'azi ba a bukatar tafinta.

Sabon dayosis ɗin ƙarami ne, matalauci, kuma yana tsakiyar yankin da 'yan bindiga suka fi addaba. Ba zai sami limaman da za su cika kowane reshe a nan kusa ba. Horar da limami guda na ɗaukar kusan shekara tara bayan sakandare. Saboda haka Lahadin ƙauye za ta ci gaba da zama Lahadin katikis na dogon lokaci. Abubuwan da nake ganin sun fi gaggawa ba masu wuyar ganewa ba ne. A kafa asusu a matakin dayosis da zai riƙa biyan katikis, ta yadda albashinsa ba zai dogara da ko reshensa ya yi noma a bana ba, majami'un Katsina da Funtuwa da sauran garuruwa su zuba a ciki. A yi tanadi ga tsofaffinsu da matan da suka bari. A riƙa mai da su makarantar Malumfashi lokaci-lokaci don ƙarin horo, har da yadda ake zama da mutumin da ya dawo daga hannun 'yan bindiga ba ya iya barci, da macen da aka ci wa mutunci a daji, domin yanzu wannan ya shiga cikin aikinsu ko an koya musu ko ba a koya ba. A horar da mata su ma su zama katikis, tun da takardar Fafaroma ta 2021 ta buɗe muƙamin ga maza da mata baki ɗaya, kuma akwai maganar da mace ba za ta taɓa faɗa wa Malam ba amma za ta faɗa wa 'yar'uwarta mace. A kuma ba uwar zumunta kujera ta gaske a majalisar da ke yanke shawara a kan kuɗin da ita da matanta suka tara.